Surukina da Ya Kai Waƙafi Bayan Gwiwa a Kan Keke

Labarin rasuwar surukina, mahaifin matata, ta waya ya zaga gari. Autansa ne ya rubuta saƙon, ya tura wa duk wanda yake da lambarsa. Layi huɗu ne, babu aya, babu waƙafi, babu babban baƙi ko ɗaya. Da aka karanta wa Gwaggo, ƙanwar marigayin, tana zaune cikin mata a tsakar gida ido jajir, sai ta ce a miƙo mata wayar. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta tsufa a gefen yayanta, ta san kamannin rubutun da yake ɓata masa rai. Ta ƙura wa saƙon ido, ta girgiza kai.

"Gara da ya riga ya tafi," in ji ta. "Da ya ga wannan, shi ne zai zama ajalinsa."

Mata suka yi ta cusa baki cikin mayafi. Matata ta ce min har yau ba ta san hawayen da ta share a lokacin ba, na kuka ne ko na dariya.

A ƙofar gida ma, nan Kazaure, inda muka shimfiɗa tabarmi, haka zaman ya kasance. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce Allah ya jiƙan Malam, sai ka ga gefen bakinsa yana motsi. Wani tsohon tela ya ce marigayin ya shekara uku ba ya bi ta gaban shagonsa, har sai da ya sa aka gyara allon da ke saman ƙofa. Limamin unguwa ya ce a duk zamansa mutum ɗaya ne ya taɓa biyo shi gida bayan wa'azi ya ce masa, "Allah gafarta Malam, karatu ya yi daɗi, sai dai kun numfasa a inda babu waƙafi."

Ran sadakar uku sai ga wani tsohon Bafillace a bayan babur, da ƙwaryar man shanu a cinyarsa. Babu wanda ya san shi. Ya sauka da ƙyar, ya dogara sanda, ya dubi jama'a ya ce, "Nan ne gidan mai waƙafi?"

Muka ce nan ne.

Ya ce daga bayan Gwiwa yake, jiya ya ji a kasuwa. Ya zauna ya ba da labarin da na sha ji a bakin marigayin, amma guntu-guntu, don shi ba ya son wurin da aka yabe shi a ciki. Da tsohon ya gama sai na lura jikokin gidan sun saki baki. Su abin da suka sani, kakansu tsoho ne mai faɗa a kan ɗigo. A nan na ƙudura zan rubuta abin da na sani, kafin mu ma da muka sani a zo a zauna mana a tabarma.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, surukina yana saurayi mai sabon aure, yana buga tafireta a wani ofis a Kazaure. A shekarar cutar bushiya ta kunno kai ta wajen Babura, shanu na faɗuwa garke-garke. Akwai wani ƙauye bayan Gwiwa da makiyayansa ba su yarda da allura ba, da sun ji motar malaman dabbobi sai su kora shanu daji. Shugaban ofis ya kira shi ya faɗa masa wasiƙar da za a aika wa dagacin ƙauyen. Ƙashin bayan wasiƙar jimla ɗaya ce: "Kada a bari, a yi wa shanun allura."

Ya buga cikin sauri, aka sa hannu, masinja ya tafi da ita. Bayan kwana biyu yana jera takardu a fayil sai idonsa ya faɗa kan kwafin. Ga abin da ya buga: "Kada a bari a yi wa shanun allura."

Ya ce min ya sake dubawa, waƙafin babu shi. Gobe malaman dabbobi za su isa ƙauyen, shugaban ofis kuwa ya tafi rangadi. Ana sallame Asuba ya sa alƙalami da kwalbar tawada a aljihu, ya hau kekensa. Hanyar a lokacin duwatsu ce da yashi. Sau biyu ƙaya tana huda masa taya, daga ƙarshe keken ne ya hau shi.

Ya isa gab da Azahar, ya tarar da malaman dabbobi a rakuɓe a jikin motarsu can nesa da gari. Dagaci yana zaune a gindin tsamiya da wasiƙa a hannu, makiyaya sun kewaye shi da sanduna, kowa fuska a sake. A ganinsu yau ce rana ta farko da hukuma ta faɗi maganar hankali.

Surukina ya cire takalmi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni na buga wasiƙar nan. Na zo ne in ƙarasa ta."

"Me ya rage a ciki?"

"Waƙafi, ranka ya daɗe."

"Ina yake?"

Ya karɓi takardar, ya tsoma alƙalami, ya ɗiga. Dagaci ya kai ta kusa da ido, ya kai ta nesa, ya juya ta.

"Wannan kashin ƙudan ka ɗauko tun daga Kazaure?"

Surukina ya karanta jimlar da ƙarfi sau biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya da tsayawa a tsakiya. Sai Arɗo, mahaifin wannan tsohon da ya zo mana gaisuwa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Samari, da safe takarda ta ce kada a yi. Da Azahar ta ce a yi. In muka jira La'asar me za ta ce?"

Surukina ya ce ba takarda ce ta sauya magana ba, shi ne ya yi kuskure, kuma ga kekensa, a riƙe. In saniya ɗaya ta mutu saboda allura, sun ci keke. Arɗo ya dubi keken da tayoyinsa biyu a kwance, ya ce keke ba ya jin kunya, mai keken za a riƙe.

Kwana tara ya yi a rugar. Aka yi wa shanun allura a gabansa, yana zaune yana shan kindirmo safe da yamma, ana gadinsa ana gadin shanu. Babu wadda ta mutu. Da cutar ta iso yankin, waɗanda suka gudu daji da nasu suka dawo da igiyoyi kawai. Tsohon ya ce mana, "Shanun da ke gabana yau jikokin waɗancan ne." Ya ajiye ƙwaryar man shanu ya yi addu'a mai tsawo da Fillanci.

Abin da tsohon bai sani ba shi ne, da surukina ya koma ofis, ya yi ƙiba, ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa kan rashin zuwa aiki. Ya karanta, ya ga an bar aya a layi na biyu. Sai da ya sa ta da jar tawada sannan ya ba da amsa.

Daga ranar bai ƙara barin ɗigo ya wuce shi ba. Yakan ce waƙafi goyo ne, a bayan kalma yake manne, ba a barin fili tsakaninsa da uwarsa, sai bayansa ake barin fili. Yakan ce aya ƙofa ce, in ka rufe ta, wanda zai shigo bayanta da babbar riga zai shigo, wato babban baƙi. Alamar motsin rai kuwa bai yarda da ita ba sam. Ya ce duk wanda ya jera uku a takarda, a gida ma ihu yake yi wa iyalinsa. Ran Juma'a da hantsi mata da tsofaffi sukan cika zaurensa, yana rubuta musu wasiƙu zuwa ga mazajensu da 'ya'yansu da suka tafi ci-rani. Bai taɓa karɓar ko goro ba. In tsohuwa ta fara zazzaga wa ɗanta zagi, sai ya ɗaga alƙalami ya ce, "Inna, a nan za mu sa aya," ya jira ta huce, sannan su ci gaba daga gaisuwa.

Ni na shigo rayuwarsa ne a shekarun da arzikin mai ya buɗe, ana gina makarantu ko'ina, duk mai takardar shaida ana kiransa malam. Aka tura ni koyarwa Roni. Ina neman 'yarsa ta fari. Wata Asabar na yi alkawarin zuwa zance, ruwa ya cika rafi ban samu ƙetarewa ba, sai na rubuta mata wasiƙar ban haƙuri. Na san gidan da za ta shiga, saboda haka na barbaɗa mata waƙafi kamar mai zuba gishiri a miyar biki, don a san ni ma na yi karatu.

Bayan kwana uku sai ga turarena da ɗan madubin da na saya mata an dawo min da su a ƙulle a tsumma, babu ko kalma. Na daina cin abinci. Yaran ajina suka huta.

Ran kwana na bakwai aka aiko Baba, mahaifinta, yana kirana. Na cire takalmi tun daga bakin titi, na tsuguna a ƙofar zaure. Yana zaune a kan buzu, wasiƙata a gabansa ta yi jajir kamar an yanka kaza a kanta.

"Malam, kai ne kake koyar da 'ya'yan mutane a Roni?"

"Ni ne, Baba."

"Karanta min layi na shida."

Na karanta: "Ba na son ki yi fushi."

"Wannan abin da ke zuciyarka ne. Karanta min abin da ke takardar."

Na sake dubawa. Ga shi nan da hannuna: "Ba na son ki, yi fushi."

Ya ce, "Waƙafi goma sha tara na ƙirga a layi goma. Sha takwas zaman banza suke yi, ba su cuci kowa ba. Wannan ɗayan ya hana wata a gidan nan cin tuwo kwana shida." Bai ambaci sunanta ba, 'yar fari ce. "A gidan nan abin da aka rubuta ake karantawa. Ka ce ta yi fushi, ta yi."

Ya miƙo min takarda da alƙalami. A nan tsugune, a kan gwiwata, na sake rubuta wasiƙar sau uku, yana dawo min da ita. Ta huɗun ya duba, ya ninke, ya ƙwala wa Gwaggo kira ya ba ta. Sannan ya dubi bango ya ce, "Ni ban ga komai ba. Tashi ka tafi, Malam, kuma ka ci abinci." Kafin kaka aka ɗaura aure.

Mutum ɗaya na sani da ya taɓa ƙure shi, ƙanensa, wanda muke kira Baffa. A waɗannan shekarun ne Baffa ya sayi ƙaramar bas yana jigila tsakanin Kazaure da Babura. Ya kai ta wurin mai fenti ya rubuta masa a goshi: "Za mu isa lafiya". Da mai fentin ya ga fili ya ragu a gefe, sai ya cike shi da ƙatuwar alamar tambaya, ja da rawaya. Baffa ya ga abin ya yi kyau kamar sabon lauje. Ya tuƙo motar har ƙofar gida don yayansa ya sa albarka.

Surukina ya fito ya tsaya. Ya karanta. Ya sake karantawa.

"Motarka tana tambayar fasinja abin da ya kamata ta tabbatar musu."

"Ado ne, Yaya."

"Ba ado ba ne. Cewa take yi, anya za mu isa lafiya?"

Baffa ya sosa ƙeya. "To ai gaskiya ta faɗa, Yaya. Wa ya san za a isa in ba Allah ba?"

Ina wurin. Na ga surukina ya sake duban rubutun. Can ya ce to a ƙara "in Allah ya yarda" a sa aya. Baffa ya ce babu fili. Shi kuwa ya ce ƙafarsa ba za ta taka motar da ba ta san inda za ta ba. Shekara biyu, duk lokacin da zai je Babura gaida dangin mahaifiyarsu, a bayan akori-kura yake tafiya tare da awaki, Baffa yana wuce shi yana danna oda. 'Yan tasha suka sa wa motar suna Mai Tambaya. Gaisuwa ma ta koma ta ɗaga hannu.

Gwaggo ce ta gaji. Wata ranar kasuwa ta sayi gwangwanin farin fenti, ta je tasha da rana tsaka, ta sa aka ɗora mata benci, ta hau ta shafe rubutun gaba ɗaya. Ta ce yanzu motar ba ta tambaya, ba ta amsa. Da yamma 'yan'uwan biyu suka zo gidanta tare, a mota ɗaya, don su yi mata faɗa. Ta dafa musu dambu.

Haɗuwata da surukina da na fi tunawa ta faru ne a shekarar da ta wuce. Idonsa ya riga ya tafi, sai haske da duhu. Ni na yi ritaya, ina taimaka wa wata makarantar unguwa da haɗa sakamakon jarrabawa, suka ba ni kwamfuta 'yar ɗauka. A ciki akwai jadawali mai gidaje-gidaje, kowane gida da harafinsa da lambarsa. A gidan sama na sa cikakken maki, a ƙarƙashinsa makin yara ɗaya bayan ɗaya. Na koya wa kwamfutar ta auna makin yaro na farko da na gidan sama, ta fitar daidai. Na ce ta yi wa sauran haka. Sai ga wani yaro da ko sunansa ba ya iya rubutawa ya ci ɗari uku cikin ɗari.

Da safe na je gaishe shi da kwamfutar a jaka da damuwa a fuska. 'Yata, jikarsa, wadda aikinta ke nan a Kano, ta zo hutu tana yi masa fifita. Na gaishe shi, ya ji muryata ya ce, "Malam, wa ya rasu?" Na kwashe duka na faɗa masa, don dai in faɗa.

Ya ce, "Yaron da ke saman wannan mai ɗari ukun, nawa ya ci?"

"Goma, Baba."

"Shi kuma?"

"Talatin."

"To da maƙwabcinsa aka auna shi, ba da gidan sama ba. Kana sauka, ma'aunin yana biyo ka. Ka ɗaure gidan kuwa?"

Na ce ban gane ba. Ya ce a zamaninsu, in suna jadawali a takarda, gidan da kowa zai koma wa sukan kewaye shi da jar tawada, suna kiransa turke, don kada ido ya zame zuwa na ƙasa. "Kai ka saki naka, ya bi garke."

'Yata ta yar da mafici ta tafa hannu. Ta ce wallahi kwamfuta ma tana da turke. Ta jawo ta, ta sa alamar dala a gaban harafin gidan, ta sa wata a gaban lambarsa. Ta ce ɗaya tana hana shi gocewa gefe, ɗaya tana hana shi sauka. Nan take yaron ya dawo talatin ɗinsa.

"Alamar me kika sa, amarya?" Haka yake kiranta, wasan kaka da jika.

"Dala, ango. Kuɗin Amurka."

"Ikon Allah. Yanzu ƙasar nan ko turke sai da kuɗin waje. A gaba ake sa ta ko a baya?"

"A gaba."

Ya gyaɗa kai, ya ce kowace alama da mazauninta, wannan ya yarda da shi. Sai ya miƙo hannu biyu ya ce a ɗora masa abin a cinya ya ji.

Ya shafa madannan a hankali. Yatsunsa da suka kanannaɗe da tsufa suka nemi wurarensu, suka zauna. Ya gyara zama, ya miƙe baya. Sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas, da ƙarfi, kamar zai huda ta. Na sunkuyo kusa don in ga abin da yake bugawa. Babu kuskure ko ɗaya. Tafireta kuwa tana da wani hannun ƙarfe da ake bangaza da hannun hagu in an kai ƙarshen layi, don takarda ta koma farko. Shekara talatin da biyar yana bangaza shi. Yana kai ƙarshen layi hannunsa na hagu ya tashi da kansa, ya sauka a kunnena. Tas!

Hulata ta faɗi. 'Yata ta toshe baki. Shekara arba'in da wani abu ina tsuguna wa mutumin nan, ko ido ba mu cika haɗawa ba.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Malam, me ya kawo kunnenka inda hannun tafireta yake?"

Sai ya fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarsa haka ba, har da tari, har hawaye na bin gemunsa. Ya lallubo kaina da hannun da ya mare ni, ya riƙe, yana cewa, "Yafe min, ɗana, yafe min," yana ƙara dariya. Ranar ce kaɗai ya kira ni da wani abu ban da Malam.

A rikicen na manta ban goge abin da ya buga ba, ashe a layin sunayen yara ya shiga. Da sakamako ya fita, shugaban makaranta ya kira ni ya ce wane yaro ne a aji huɗu mai suna Bayan Gaisuwa Mai Yawa, kuma me ya hana shi zana jarrabawa.

Bayan ƙaramar Salla zazzaɓi ya kama surukina, kwana huɗu. Ya cika da hantsi, kansa a cinyar Gwaggo, da kalmar shahada a bakinsa.

Kunnena kwana biyu ya yi yana zafi a wancan lokacin, na yi ta shafa masa man zafi don ya daina. Da na sani da na bar shi.

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya gani ya gyara da waɗanda suka kuɓuce wa idonsa. Ya haskaka makwancinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.